Shirun Da Na Yi A Gidan Kaji

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina aji huɗu a jami'a, ina karatun likitan dabbobi. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni a ƙauyenmu na wajen Dayi tun rasuwar mahaifiyata. A shekarun nan ba abin da ke cin raina kamar inda zan dosa in na gama. Na bi masu yi wa shanu allura zuwa rugage, na ga ƙarfina ba zai kai ba. Na zauna ɗakin gwaje-gwaje, na ji kamar an kulle ni. Da aka tura mu koyon aiki sai na faɗa wani babban gidan kaji tsakanin Funtua da Malumfashi, nan hankalina ya kwanta. Mai gidan, wani Alhaji, ya yaba da ƙwazona har ya ce in na kammala aiki na jirana a wurinsa.

Ana tsakiyar damina na shiga ɗakin kaji masu tasowa, na tarar wasu sun takure suna haki, kashinsu kore, wasu ma wuyansu ya murɗe. Ban yi shakka ba, cutar nan ce mai share kaji. Na gaya wa manaja dole a killace ɗakin a kira likitan hukuma. Washegari Alhaji ya kira ni, ya ce min cikin laushi ni ɗaliba ce, ido kan ruɗi ɗalibi, waɗanda ke tsaye da ƙafarsu ai lafiyarsu ƙalau, za a fitar da su kasuwa kafin asara ta yi yawa. Ya tambaye ni ko ina da ja. Na sani sarai kazar da ke tsaye yau tana iya ɗauke da cutar a jikinta. Amma na tuna alƙawarin aikin, na sunkuyar da kai na ce ba ni da ja. Da hannuna na taya zaɓo masu kyan gani aka loda.

Da na je gida bayan ɗan lokaci, na tarar unguwarmu ba kaza ko ɗaya a tsakar gida. Ashe kasuwar Dayi aka kai wasu. Gwaggo ta ji dillali na cewa daga inda nake aiki suke, ta saya da alfahari, ta kuma zagaya maƙwabta tana cewa kajin wurin aikin 'yarta ne, ba a tambayar lafiyarsu, su ma suka je suka saya. Cutar ta bi gida-gida. Maƙwabciyarmu, wata Kirista da mijinta ya rasu, da ƙwai take ciyar da 'ya'yanta, ko tsako ba a bar mata ba. Matan suka taru kaina suna ta Likita, Likita, me za mu yi. Na ce su binne matattun, su wanke akurki da toka. Suka yi ta sa min albarka. Wallahi da zagina suka yi da ya fi min sauƙi.

Na kasa cin abinci, har Gwaggo ta tsare ni. Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi akurkinta ta ce, "Ni dai da bakina na tara miki mutane, 'yar nan. Da ko waya kin bugo min." Ta hana ni gaya wa kowa, ta ce kunyar tamu ce mu biyu. Da na gama karatu Alhaji ya aiko min, ban je ba. Yau rigakafin kajin ƙauye nake yi, amma har yanzu in maƙwabciyar nan ta gaishe ni da fara'a sai in kasa haɗa ido da ita.

Ƙannena ɗalibai, ku nemi hanyar cin abinci, ba laifi ba ne. Amma duk wanda ya ce sai kun rufe ido kafin ya ɗauke ku, ku bar masa aikinsa. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, mai ita kuma da sunanku ya dogara. Ni na yi shiru a gaban mutum ɗaya, unguwa guda ta biya. Allah Ya yafe min.