Neman Laikin a Ƙofar Marke

Da ƙarfe biyar da kwata na yammacin Juma'a al'amura suka fara lalacewa, lokacin da na buga wa Kawu Bello waya na ce gobe zan zo ɗaukar hoton rijiyar gidan kakata da ke Ƙofar Marke.

Ba rijiyar nake so ba. A jikin marmarar da ke bakinta akwai wani tabo mai ruwan toka, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. A aji muna ce masa laikin. Halittu biyu ne suke zaman tare: naman gwari ya ba da mafaka, gansakuka ta dafa abinci da hasken rana. Iri uku muka karanta: mai reshe, mai ganye, da mai manne wa dutse kamar fenti. Nawa na ukun ne. A kansa na rubuta aikina na kammala digiri, kuma malamina ya ce ranar Litinin in kawo samfuri, in ba haka ba sai baɗi.

Gidan Dahala zuwa Ƙofar Marke

Bayan sallar asuba na hau keke mai ƙafa uku. Direban ya ga 'yar guduma ta leƙo daga jakata.

"Malama, gini za a yi ko faɗa?"

Na sunkuyar da kai na ce karatu.

Na tarar da Kawu tsaye a bakin rijiya yana murmushi. An kankare marmarar tas, an shafa mata farar ƙasa.

"Tun jiya muke aiki," in ji shi. "Ɗiyarmu ta jami'a za ta ɗauki hoto, mu bar ƙazanta? Mi mutane za su ce?"

Na yi masa godiya.

Hubbare

Na fita da ƙafa na bi tsofaffin katangu da gindin dogon yaro har wajen Hubbare, ina leƙe da gilashin ƙara girma. Masu ziyara suna ta kallona. Laikin ba ya jure hayaƙi, hanyar kuwa babura ne ko'ina. Ban samu ko ɗigo ba. Na sha fura a inuwa, na juya gidan kakata bayan azahar.

Bayan ɗakin Inna

Kakata Inna ta dubi idona sau ɗaya ta gane.

"Mi kike biɗa ne, 'yar nema?"

Na bayyana mata. Ta tashi a hankali ta ja ni bayan ɗakinta, inda dutsen da marigayi kakana yake zama yana alwala yake. Tun rasuwarsa ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba, ko da tsintsiya. A gefen da rana ba ta bugu, ga tabon nan har uku. Na ɗiga ruwa, launinsu ya fara komawa kore. Alhamdu lillahi.

Sai dai irin wannan ba ya ɓamɓaruwa shi kaɗai, dole a haɗa da ɓallin dutsen. Daga tsugune na ɗago kai na dube ta.

"Inna, sai fa na fasa gefensa."

Ta kalli dutsen. Sannan ta gyara mayafinta.

"Hwasa, ɗiyata. Da yana da rai, shi za ya riƙe maki gudumar, yana yi maki faɗan ba ki iya ba."