Armaya'u da Gilashin Ɗakin Haihuwa

"Gilashin gwamnati kake murzawa da yashi? Ka haukace ne?"

"Malam, tun da aka buɗe ɗakin nan, mata nawa suka haihu a ciki?"

Mai faɗan Hamidu ne, malamin asibitin ƙauyenmu da ke bayan Wagini. Gaskiya ko mace ɗaya ba ta haihu a ciki ba. Mai tambayar kuwa Armaya'u ne, leburan asibitin, wanda kullum safiya shi ke share fili ya cika randuna.

Da kuɗin fetur suka zo, ɗan kwangila ya gina mana ɗakin haihuwa na zamani. Bangon da ke kallon hanyar kasuwa rabinsa gilashi ne garau. Wai don haske. Mai jaki na wucewa yana hangen gado! Matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa don kunya, ita za ta durƙusa a nan? Aka rataya bargo, ɗaki ya yi duhu, ga shi babu lantarki. Wata bakwai mata na haihuwa a gida. Biyu muka binne.

Armaya'u ya ɗebo yashin rafi ya jiƙa, ya samo dutse mai santsi. Kwana ashirin yana murza, har yatsunsa suka tsattsage. Gilashi ya koma fari kamar an watsa masa nono. Haske na shiga, ido ba ya shiga.

Ya tsayar da Hamidu a ciki, ya kira tsofaffin mata su leƙa. Inna Maijidda ta manna fuska.

"Inuwa kawai nake gani. Mutum ne ko buhun gero?"

"Buhun na jin ki, Inna!"

Yayata Hansai ce ta fara shiga, bayan kwana biyu tana naƙuda. Tana raye. 'Yarta har ta fara tafiya.

Baba Armaya'u, kai ne ka ga abin da masu zanen gini ba su gani ba. Mai yashi, mun gode. Duk wanda zai gina wa mutane ɗaki, ya fara tambayar masu shiga, kamar yadda ka yi.

Makon jiya takarda ta zo daga ofis, ni na karanta wa Armaya'u. An sallame shi, wai ya ɓata kayan gwamnati. Sabon gilashi na hanya, garau. Sau uku na maimaita.

Ya dubi yatsunsa.

"To in sun kafa sabon, wa zai murza?"