Rumfar Darar Habila Kafinta

Habila kafinta ya iso Sakkwato daga wajen Zuru da matarsa Monica da akwatin kayan aiki, ya kama shago a bakin hanya kusa da Ƙofar Taramniya. Shagona na ɗinki yana kallon nasa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Kafinta ne tsaka-tsaki. Ƙofar da ya yi ba ta ɓallewa, amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya yana yaba ta ba. Abin da ya sa aka san shi a unguwa shi ne rumfar dara.

Farkon abin ba shiri ba ne. Wasu manoma biyu ne da suka kawo gero kasuwa suka fake a inuwar katakonsa, suka tona gurabu a ƙasa. Ɗaya ya kakkarya kara, ɗaya ya tsinci tsakuwa, suka hau wasa. Habila ya ajiye zarto ya tsaya kallo har magariba. Kashegari ya kafa dirkoki ya ɗora zana. Kafin kaka ta zagayo, da an sallame la'asar wurin ba masaka tsinke: manoma, masu jakai, masinjoji, malaman makaranta, har da wani ɗan sanda da yakan cire hularsa ya tura ƙarƙashin benci.

To, ita rumfa ci gare ta. Rana ta ci zana, gara ta ci dirka, yashin da ake tona gurabu a ciki ya gaji ya koma ƙura, randa kuma kullum bakinta a buɗe. Habila bai taɓa karɓar kwabo a hannun kowa ba. Ya dai ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya kawo abin da yake da shi. Manoma suka ɗauki zana da kara, ma'aikata tabarmi da goro, 'yan ga-ruwa randa. Yashi kuwa, duk wanda aka cinye a dara shi ke bin jaki zuwa gulbi ranar Asabar ya ɗebo. Na sha ganin akawu da farar riga yana tafe bayan jaki, mutane na yi masa sannu da aiki. Rabon Habila shi ne shara, da yayyafa wa yashi ruwa don kara ya tsaya idan an soka shi, da raba gardama. Yana ajiye musu butoci, ranar Lahadi kuma in ya tafi coci ba abin da ake kullewa. Monica takan ce rumfar ta fi ta samun katako, ga gadonta shekara da shekaru yana ƙara in an hau.

Gwanin wurin shi ne Mode, wani tsohon manomi daga fadama, mai hannu da baki. In ya cinye mutum sai ya tambaye shi lafiyar jaki. Wanda ya fi kowa shan wannan tambaya shi ne Ƙasimu, mai sayar da fenti a kasuwa. Ƙasimu bai iya dara ba ko kaɗan, amma yana son ta, kuma in an yi masa dariya tasa ta fi ta kowa ƙarfi.

Sai zamanin kuɗin fetur ya zo, soja na mulki, siminti na shigowa gari kamar ba za a mutu ba. Ƙasimu ya samu kwangilar gina gidajen ma'aikata wajen Arkilla. Ya je Makka, ya dawo da haƙori da mota. Bai canja hali ba, wannan kam zan shaide shi. Wata la'asar ya tsaya ya dubi zanar da ta yage, ya ce wa Habila:

"Malam Habila, wahalag ga ta isa. Mi za shi sa dattawa su riƙa bin jaki? Ni za ni gyara wurin ga, kowa shi huta. Ƙohohi da tagogin gidajena kuma kai za ka yi."

Habila ya sunkuyar da kai ya yi godiya. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle kyautar da ta zo da aiki a bayanta. Ranar Monica ta yanka kaza.

Magina suka zo suka kwashe yashi, suka zuba siminti, suka ɗora kwano. Gurabun ma a jikin simintin aka yi su, magini ya danna gindin kofi ya fitar da su sumul, aka bi da fenti. Da aka zo gwadawa sai kara ya ƙi tsayawa, don ba inda za a soka shi. Alhaji Ƙasimu ya sa aka kawo marafan kwalbar lemo kala biyu. Aka yi addu'a, aka raba goro, kowa ya ce wuri ya yi kyau. Ya kuwa yi kyau.

Bazara ta zo, kwano ya ɗauki rana, zaman ciki ya zama kamar zama a bakin murhu. Da zafin ne kaɗai da an jure, mu ba baƙin zafi ba ne. Abin da ya faru shi ne kowa ya zama ba shi da abin kawowa. Manomi ya zo hannu rabbana, ya tsaya daga bakin ƙofa yana neman izinin shiga wurin da a da yake kwanciya ya miƙe ƙafa. Sannan ga Alhaji, wanda darar tasa tana nan yadda take, amma yanzu ba mai iya cinye shi. Duk wanda ya zauna da shi sai hannunsa ya riƙa yin kuskure. Mode ma ya bari an cinye shi sau ɗaya. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya ce wa Habila a hankali:

"Ba ni iya cinye mutum dara cikin ɗakinai. Kuma ba ni zamnawa a cinye ni banza. Sai wata rana."

Ya koma gindin wata dalbejiya a bayan layinmu, inda Lawwali mai facin keke yake aiki. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi shi. Shi kansa Alhaji ya daina zuwa, ayyuka sun yi masa yawa, sai dai in ya yi baƙi ya biyo da su a mota ya nuna musu ginin.

Habila bai fasa shara ba. Kullum zai share siminti, ya cika randa da kansa, ya jera butoci, ya zauna. Daga inda yake ana jin shewar 'yan dara a bayan layi. Aiki yana da shi fiye da kowane lokaci a rayuwarsa, har ya yi wa Monica sabon gado, amma mutumin sai ramewa yake. Monica ta ce a ba masu hatsi hayar wurin. Ya ce to, bai kuma yi ba. Shi mutanensa yake so su dawo, ba wani abu ba.

Wata safiya na ji ƙarar diga. Na leƙa na gan shi tsaye a tsakiyar rumfa yana sarar siminti. Na tsallaka na tuna masa cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma tagogin Arkilla ba a gama su ba. Ya ce ya sani. Monica ta tsaya a ƙofar gida ta harɗe hannu.

Kafin azahar labari ya kai wa Alhaji. Ya zo ya tsaya yana kallon ɓaraguzai, bai ɗaga murya ba.

"Da ka hwaɗa min ba ka so, Malam Habila."

"Kunya na ji, Alhaji."

"Wanga kuma ba ka ji kunyatai ba?"

Ya shiga mota ya tafi. Ragowar tagogin wani kafinta ya ƙarasa su. Ban ga laifin Ƙasimu ba, da zuciya ɗaya ya yi, kuma a gaban jama'a aka fasa masa kyautarsa.

Habila ya sauke kwano, ya sayi zana da kuɗinsa, ya yi hayar jaki ya yi ta zirga-zirgar gulbi shi kaɗai, ga shekaru sun fara hawa. Ranar da ya gama ya baje yashi, ya yayyafa ruwa, ya yanka sababbin kara ya ajiye. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya nufi bayan layi. Na rufe shago na bi shi, don ina son ganin yadda za ta kaya.

Suka karɓe shi da murna, aka yi ta gaisuwa. Ya jira aka gama wasan da ake yi, sannan ya ce ya fasa simintin, rumfa ta koma yadda take, su zo. Sai a lokacin na lura da sabuwar zana da aka kewaye gefen rana da ita, da randa a gindin itace, da tulin yashi mai laushi a gefe.

Mode ya ce, "Mun ji, Habila, kuma Allah shi saka. Amma nan ma mun zuba yashinmu. Jiya-jiya malamin makaranta yab bi jaki. Wa za mu bar ma shi?"

Mode ya matsa ya ba Habila gefen tabarma, Habila ya zauna. Lawwali ya goge hannu, ya ɗauraye kofi, ya ɗebo ruwa ya durƙusa ya miƙa masa.

"Sha ruwa, Baba. Kai baƙonmu na yau."

Ni dai tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Habila ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya yi godiya. Aka share gurabu aka sa sabon wasa.