Facin da Na Yi wa Na'urar Baba

Tun ina saurayi nake faci a bakin titin Boɗinga. In dai maganar iska ce, ban yarda akwai wanda ya fi ni saninta ba, kuma bakina ba ya shiru a kan haka.

Mahaifinmu yana Shagari. In ya yi barci numfashinsa kan ɗauke, sai ya zabura kamar an shaƙe shi. Ƙanwata, ma'aikaciyar jinya a Sakkwato, ta samo masa wata na'ura mai tiyo da abin rufe hanci. Ta ce maƙogwaronsa ne ke lotsewa cikin barci, kamar tayar da ta sace. Na'urar tana tura iska daidai ƙarfin da likita ya saita, ta riƙe hanyar a buɗe. Na ce, yo ai wannan sana'ata ce.

Wata Juma'a na je gaishe shi, na tarar yana barcin rana da abin a fuska. Sai na ji tsss. Kunnen mai faci! Na shafa miyau a gaban abin hancin, sai ga kumfa ta wasu 'yan mitsi-mitsin huji. Raina ya ɓaci, wato mai yoyo aka sayar mana. Yana tashi na ɗauko gam da guntun roba daga babur ɗina na liƙe su tsaf, ina ta cika baki a gaban maƙwabta.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta kira ni, ta ce in same ta a gidan Baba maza. Na iske Baba zaune jigum, riƙe da kai, ko gaisuwa da ƙyar ya amsa.

Ta miƙo mini abin hancin. "Yaya, mi ka yi? Hujin ga da gangan anka yi su! Ta nan numfashin da ya fitar ke wucewa. Ka toshe, shina ta sake shaƙar abin da ya fitar. Ka san ana mutuwa haka?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ni da ke yi wa direbobi tsawa, na kasa ko ɗaga ido. Kunya ce irin wadda ban taɓa ji ba.

Ta juya ga Baba. "To Baba, da ka ji nauyi, don mi ba ka cire ba?"

Bai dube ni ba. A hankali ya ce, "Tun ranar farko na ji ba daidai ba. Amma ya faɗa ma mutane ya gyara. Ban so a ce ɗana bai iya aikinai ba."