Lalle Mai Kunnawa

Duk lokacin da na ji ƙarar cokali a kwanon silba, sai ranar nan ta faɗo mini. Laraba ce da hantsi, ina kwaɓa lalle a tsakar gida, cokali yana ta ƙwal-ƙwal, shi ya sa ban ji sallamar farko ba. Ku da kuke koyon ƙunshi a wajena yanzu, ku saurara.

Amarya ce daga Gwaram, sunanta Rabi, tare da babbar ƙawarta Hassana. Washegari ne kamu. A lokacin manyan wayoyi sun fara shigowa Birnin Kudu, ni kuwa tawa ƙarama ce mai tocila. Zanen da na iya na gado ne, ganye da reshe da ɗige-ɗige.

Hassana ta miƙo mini waya. “Anti, wannan muke so. Daga Kano aka turo. Kar ki ƙara, kar ki rage.”

Zane ne mai kyau, masha Allah. A tsakiyar bayan hannun akwai wata da'ira, cikinta ɗan abu mai kusurwa uku yana kallon dama. Na ce a raina, oh, mutanen birni da sabon salo! Cajin wayar ya kusa ƙarewa, ga babu wuta, sai na yi maza na kwafe zanen a takarda. Hassana ta tafi shagon caji.

Ga wanda bai sani ba, jan lalle da salatif ake tsara shi, in an yi kuskure kafin a shafa, a ɓanɓare. Baƙi kuwa da bakin leda ake zana shi kai tsaye, in ya kama sai ya yi kusan mako biyu. Baƙin suka zaɓa. Na yi bismilla na zauna. Da'irar nan na fi ɓata wa lokaci, hannu biyu, har da ƙafa don su dace. Rabi dai kanta a sunkuye, kunyar amarci.

Bayan azahar muka wanke. Hassana na shigowa ta dafe ƙirji.

“Inna lillahi! Anti, me kika yi? Wannan ai wurin dannawa ne! Bidiyo ne aka ɗauki hotonsa!”

“To ba ke kika ce kar in rage ba?”

“Na ce ki zana lalle, ban ce ki zana waya ba!”

Rabi ta kalli hannunta, sai hawaye shar. “Gobe dangin miji za su ce an kawo musu talabijin.”

Yarinya ta taso tun daga Gwaram da amana, na sa ta abin dariya ranar da ba ta maimaituwa. Na kawo lemon tsami, na kawo toka, muka goga. Sai ma ƙara fitowa ya yi.

Abin mamaki, a wajen kamu hannun nan aka fi ɗauka a hoto. Kafin wata ya ƙare, 'yan mata daga Wurno da Yalwan Damai suna sallama, wai “mai kunnawa” suke so. Na zana musu, amma tun daga ranar ba na ɗora leda a hannun kowa sai na nuna kowane layi na tambaya, wannan na mai zane ne ko na waya? Ku ma ku riƙe wannan. Waya tana kawo zane daga nesa, amma ba ita za ta kwana da shi a fata ba.

Rabi kuwa, a ranar nan ba ni na tsayar mata da kuka ba. 'Yata Ummi ce, tana da shekara huɗu. Ta matso ta kama hannun amarya, ta danna da ɗan yatsa, ta jira, ta sake dannawa. Rabi ta fashe da dariya har da riƙe ciki lokacin da Ummi ta juyo ta ce mini:

“Umma, amaryar nan ba ta da data.”