Ƙwaryar Malam Istifanus

Malam Istifanus maƙwabcina ne a Ƙauyen Alu, mutumin Kudancin Kaduna, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata babbar makaranta. Zamanin soja wankin kwalabe kawai yake yi, don babu abin gwadawa. Da farar hula suka dawo aka yi ta ruwan alkawari, har aka kawo masa wata na'ura daga waje. Ranar nan kamar ya zuba ruwa ƙasa ya sha.

Aikin na'urar duba lafiyar batir ne, da ƙarfen da tsatsa ke ci, ba tare da an fasa su ba. Takan tura 'yar wuta tana kai da komowa, da sauri tukuna, sannan a hankali, tana auna yadda abin ke turjewa. Abin da ta gano sai ta zana shi a allon kwamfuta ɗigo-ɗigo, kamar ƙwarya a kife. Ya sha gaya mana cewa ainihin ciwon yana can ƙarshe, wajen a-hankalin, inda bakin ƙwaryar zai taɓa ƙasa. To nan ne kuma ke cin lokaci, kafin a kai an ɗauke wuta. In an kawo, sai a koma farko. Janareto kuwa na ofishin manya ne.

Har furfura ta cika masa kai bai taɓa ganin ƙwaryar nan ta rufe ba. Da yamma mukan tare shi da tsokana, "Malam, yau ta kife?" Ya ce, "Saura ƙiris." Daga baya muka bari, don abin ya daina ba mu dariya, tausayi yake ba mu.

Makon da zai yi ritaya ya ce in raka shi Gyaɗi-Gyaɗi wurin Ɗan'azumi mai cajin batir. Ya samo aron inbata, abin nan mai mayar da wutar batir irin ta gida, saura batirin da zai riƙe na'urar.

"Malam Ɗan'azumi, mai dogon numfashi nake so," in ji shi. "Sau ɗaya tak nake son in ga ƙarshen aikin nan kafin in miƙa makulli."

Ɗan'azumi ya jawo wani, ya goga waya a kawunansa, tartsatsi ya tashi fat!

"Ka gani, Baba? Wannan ko tirela ce sai ya tashe ta."

Malam Istifanus ya san tartsatsi labarin farko kawai yake bayarwa. Amma abin da zai faɗa masa sauran labarin shi ne na'urar da ke jiran batirin. Muka ɗauka muka sa cikin a-daidaita-sahu.

A ɗakin gwaje-gwajen muka haɗa, muka zauna gaban allo. Ɗigo ya hau, ya kai tsakiya, ya karkato ya fara gangarowa. Bai taɓa zuwa nan ba. Na ga Malam yana riƙe da gefen tebur, leɓɓansa na motsi. Saura abin da bai kai faɗin yatsa ba inbata ta fara kuka, allon ya yi baƙi.

Ya cire wayoyi ya naɗe su a tsanake, ya lulluɓe na'urar da ƙyallenta. Ni ne ma na kasa haɗa ido da shi.

Da muka mayar da batirin, Ɗan'azumi ya taso da fara'a.

"Yaya, Baba? Ya yi?"

"Ya faro da kyau," in ji Malam Istifanus. "Komai namu ai yana farowa da kyau."