Sunan da ke ƙasan takarda

Muna zaune a wani asibiti a unguwar Marylebone, ni da maigidana, muna jiran likita muna taɓa hira, sai wata dattijuwa ta matso kusa da mu. A shekarun 1970 ne, lokacin yana karatu a Landan.

Da Turancinta mai gargada ta ce, "Wane yare kuke yi?"

Na ce Hausa. Sai ta dafe ƙirji.

Ashe marubuciya ce daga Brazil, littattafanta sun yi suna a ƙasarsu. Ta ce kakar kakarta Bahaushiya ce da aka kai can bauta. Labarin kakar take rubutawa, amma ko sunanta babu wanda ya sani. Ta ciro wata 'yar takardar kakar da ta gada, ta sha ninki har ta yi baƙi, babu mai iya karanta ta a danginsu.

Maigidana ya duba, ya karanta mata. Addu'ar neman tsari ce, a ƙasa kuma an rubuta da ajami: Ramatu.

Ta ce, "Sake faɗa mini." Ya sake. Ta yi ta maimaitawa tana hawaye har aka kira mu.

Allah Ya ji ƙan Ramatu. Ku fa, kun san sunan kakar kakarku? Ni dai har yau ban sani ba.